Sarƙar keke: wanki da sa mai

1. Keke a ƙasar duwatsu da fadamu

A gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa, keke abokin aikin talaka ne. Da shi manomin Tunfafi ko na Sabon Gida yake kai buhun albasa bakin hanya. Da shi mai lambu yake ɗauko tumatir daga fadama zuwa kasuwar Tamaske. Ɗan makarantar da garinsu ba shi da koleji, keke ne ke kai shi aji kan lokaci. In ciwo ya kama yaro da dare, sau da yawa a bayan keke ake kai shi gidan likita.

Keke ba ya cin hatsi, ba ya cin harawa, ba ya shan isansi. Amma akwai abu guda a jikinsa da ke bukatar kulawa kullum, shi ne sarƙa. Taya in ta fashe, a liƙe ta a ci gaba da tafiya. Sarƙa kuwa in ta tsinke a tsakiyar dawa, sai mai keke ya sauka ya tura, da kaya da kome, cikin rana.

Ƙasar nan ba ta da sauƙi ga sarƙa. Wajen Buza da Keita tudun Adar Dutsi ne, hawa da gangara, da duwatsu ko'ina. A kwari kuma ga fadamun Tarka da Majiya, masu rairayi da laka. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙonni da Madawa zuwa Maraɗi da Damagaram, kwalta ce. Amma hanyoyin da suka haɗa ƙauyuka da gonaki, yawancinsu rairayi ne da jar ƙasa da tsakuwa. Saboda haka mai keke a nan tilas ya san yadda ake wanke sarƙa, da yadda ake sa mata mai. Aikin ba shi da wuya. Ɗan makaranta ma yana iya yinsa a gida.

2. Aikin sarƙa

Kekunan da aka yi a Turai wajen shekarun 1870 ba su da sarƙa. An haɗa feda da ƙafar gaba. In an taka sau ɗaya, ƙafar ta juya sau ɗaya. Don a samu gudu, sai aka yi ta ƙara girman ƙafar gaba, har ta kai kusan metir ɗaya da rabi. Mahayi yana can sama kamar mai raƙumi. In keken ya ci karo da dutse, sai ya faɗo ta ka.

A shekara ta 1880, wani mutumin Suwis mai suna Hans Renold ya ƙera sarƙa mai ƴan zobba a birnin Mancesta na Ingila. A 1885 kuma, John Kemp Starley ya fito da wani keke a birnin Kobantiri, wanda ya sa wa suna Rover. Ƙafafunsa biyu sun yi kusan daidai, sarƙa ce kuma ke juya ta baya. Daga wannan keke ne kekunan yau suka samo kamanninsu.

Ga yadda abin yake. A jikin feda akwai babban faranti mai haƙora. A tsakiyar ƙafar baya akwai ƙaramin faranti, shi ma mai haƙora. Sarƙa ta zagaye su duka biyu. In mahayi ya taka feda, babban faranti ya ja sarƙa, sarƙa ta ja ƙaramin faranti, ƙafar baya ta juya. Duk ƙarfin da mutum ya sa, ta cikin sarƙa yake bi.

A ce babban faranti yana da haƙora 44, ƙaramin yana da 20. Kowane zagayen feda, keken yana tafiyar kusan metir 5. In an yi tafiyar kilometir 10, feda ta zagaya wajen sau 2 000. A ce kuma sarƙar tana da gaɓa 110. To, a wannan tafiya ta zagaya sau 800. A kowane zagaye, kowace gaɓa tana lanƙwasa ta miƙe sau biyu, sau ɗaya a kan babban faranti, sau ɗaya a kan ƙarami. Watau sau 1 600 ke nan a kilometir 10 kawai. Ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Shi ya sa sarƙa take son mai.

3. Abin da ke cikin sarƙa

In aka duba sarƙa da kyau, za a ga abu huɗu a jikinta. Akwai fallayen ƙarfe na waje. Akwai fallayen ƙarfe na ciki. Akwai ƴar ƙusa wadda ta ratsa su ta haɗa su. Sa'an nan akwai ɗan zobe mai juyawa a tsakiya, shi ne ke zama tsakanin haƙoran faranti.

Daga ƙusa zuwa ƙusa milimetir 12,7 ne, watau rabin inci. Wannan awo ɗaya ne ga kekunan da aka saba gani, ko Raleigh na Ingila, ko Peugeot na Faransa, ko Phoenix na ƙasar Sin. A faɗi ne kawai suka bambanta. Keke mai faranti ɗaya a baya sarƙarsa ta fi faɗi. Wanda yake da faranti da yawa, wanda ake canja wa gudu, sarƙarsa siririya ce. Mai sayen sabuwa sai ya lura da wannan.

Abin lura shi ne, gugar ba a waje take faruwa ba. A ciki take, tsakanin ƙusa da fallayen ciki, da kuma ƙarƙashin zobe. Can ne mai yake da amfani. Man da ya zauna a bayan sarƙa ba ya aikin kome sai kama ƙura.

4. Ƙura da ruwa

Sarƙa tana da abokan gaba biyu. Na farko ƙura, na biyu ruwa.

Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura. Mutanen ƙasar nan sun daɗe suna kokawa da iska. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a fadamar Majiya, tare da ƙungiyar CARE, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, aka dasa itatuwa, aka jera duwatsu a kan tudu. Itatuwa sun rage ƙarfin iska a gonaki. Amma ƙurar hanya tana nan, ƙafar keke da kanta ma tana tayar da ita, ta watsa wa sarƙa.

Ƙwayar rairayi ƙarama ce, amma ta fi yawancin ƙarfe tauri. Shi ya sa ake wasa wuƙa a kan dutse, shi ya sa kuma mata suke goge tukunya da yashi. In ƙura ta haɗu da mai, sai su zama baƙin kwaɓi. Wannan kwaɓi yana shiga cikin gaɓoɓi, ya riƙa cin ƙusa kamar magagarin maƙeri.

Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, ƙoramu suna kawo ruwa, hanyoyin fadama su cika da laka. Ruwa yana wanke man da ke cikin sarƙa. In an bar ta da jiƙa, kwana ɗaya ko biyu sai tsatsa ta fito. Gaɓar da ta yi tsatsa tana ƙagewa, ta ƙi lanƙwasa. Mai lambun da ke ratsa ruwan ban-ruwa, ko da rani ne, shi ma yana gamuwa da wannan.

5. Yaro da kawunsa

Wani ɗan makaranta yana zuwa koleji a kan keke. Wata rana ya ji sarƙa tana kuka. Sai ya samo baƙin man da aka juye daga mota, ya kwarara mata har yana ɗiga ƙasa. Kukan ya tsaya, yaro ya yi murna. Bayan mako biyu sarƙa ta yi baƙi ƙirin, ta ɓata masa wando, feda kuma ta yi nauyi. Ya tura keken zuwa wurin kawunsa, mai gyaran kekuna a gindin wata bishiya bakin kasuwa.

Ya ce: «Kawu, keken nan ya yi nauyi, alhali kuwa na sa masa mai da yawa.»

Kawu ya ce: «Lakato abin da ke jikin sarƙar da yatsanka, ka murza. Me ka ji?»

Yaro ya murza, ya ce: «Kamar yashi, Kawu.»

Kawu ya ce: «To, yashin ne. Shi ke cin sarƙarka tun mako biyu. Ɗana, ba a shafa mai a kan dauɗa. Kai ma sai ka yi wanka kake shafawa.»

Maganar kawu ita ce kan darasin. Wanki ne farko, mai daga baya. Man kuma kaɗan, a ciki.

6. Man da ya dace

Ba kowane mai ne ya dace da sarƙa ba.

Akwai man da aka yi musamman don sarƙar keke, ana samunsa a shagunan manyan garuruwa. Shi ne ya fi. In babu shi, sabon man injin mota ko na babur, wanda ba a taɓa aiki da shi ba, yana yi sosai. Ƴar ƙaramar kwalba tana kai mutum watanni. Man keken ɗinki shi ma yana yi, sai dai ruwa-ruwa ne, ba ya daɗewa, sai a riƙa sawa a kai a kai.

Baƙin man da aka juye daga inji bai dace ba. Cike yake da garin ƙarfe da toka, ga shi yana cutar fatar mutum. Man gyaɗa da manja da man shanu na miya ne. A jikin ƙarfe suna daskarewa su zama danƙo. In mutum yana kan hanya, sarƙa ta bushe, ba shi da wani, yana iya ɗiga man gyaɗa kaɗan don ya isa gida. Amma in ya isa sai ya wanke. Giris kuwa ya cika kauri, ba ya shiga cikin gaɓa. A waje yake zama ya tara ƙura. Wurinsa shi ne cikin tsakiyar ƙafa da gindin feda, inda ƴan ƙwallayen ƙarfe suke a rufe.

Akwai wata dabara kuma da masu tseren keke da yawa suke yi yanzu. Sukan wanke sarƙa tas, su tsoma ta cikin narkakken kakin kyandir. In kakin ya daskare, sarƙa ta zama busasshiya, ƙura ba ta manne mata sosai. Dabarar ta dace da lokacin hunturu, amma ba ta tare tsatsa da kyau in ana ruwa. Kaki mai zafi yana ƙuna, yana kuma kama wuta. Wannan aikin manya ne.

7. Kayan aiki

Kafin a fara, sai a tanadi waɗannan:

- tsumma biyu, ɗaya na wanki, ɗaya mai tsabta;
- tsohon buroshin haƙori;
- tsinke mai ƙarfi;
- gwangwani ko tsohuwar kwalba mai faɗin baki da murfi;
- gazuwal ko kalanzir, watau man fitila, kamar rabin kofi;
- mai mai tsabta;
- awartaki, in za a cire sarƙar.

A zaɓi wuri mai inuwa, a fili, inda iska ba ta kaɗawa da ƙarfi. A yi nesa da murhu. A shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, don kada wani abu ya faɗa cikin rairayi.

8. Ƙaramin wanki

Wannan shi ne wanda ake yi ba tare da an cire sarƙa ba.

Da farko a kifa keke, sirdi da kai a ƙasa, ƙafafu a sama. In yana da ƙarfen tsayarwa wanda ke ɗaga ƙafar baya, ba sai an kifa shi ba. In sarƙar tana da murfi, a kwance shi.

Na biyu, a sa tsinke a kankare baƙin kwaɓin da ya taru tsakanin haƙoran faranti duka biyu. In an bar shi, zai koma jikin sarƙa nan da nan.

Na uku, a tsoma buroshi cikin gazuwal a goge sarƙa, sama da ƙasa da gefe. A goge wajen taƙi ɗaya, a juya feda kaɗan, a goge na gaba, har a zagaye ta duka.

Na huɗu, a riƙe sarƙar da tsumma a tsakiyarta, nesa da faranti. A juya feda baya-baya, sannu a hankali, sarƙa tana bi ta cikin tsumma. In wurin ya yi baƙi, a canja wani gefen tsumma. A yi ta yi har baƙin ya ragu.

Na biyar, a bar ta ta bushe. Gazuwal in ya rage a ciki yana tsinka sabon mai.

Wanda ba shi da gazuwal yana iya wankewa da ruwan ɗumi da garin sabulu. Sai dai ya ɗauraye da kyau, ya goge, ya bar ta a rana har ta bushe sarai, kana ya sa mai a ranar.

9. Babban wanki

In sarƙa ta yi dauɗa ƙwarai, gara a cire ta. Yawancin kekuna masu faranti ɗaya suna da wata gaɓa dabam, wadda ake kira mahaɗi. A jikinta akwai wani siririn ƙarfe mai kama da matsefata, baki ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe. A tura shi da awartaki ya fita. A zare fallen da ke ƙarƙashinsa, sarƙa ta rabu. A ajiye ƴan ƙarafan nan cikin murfin gwangwani, domin in sun faɗa rairayi da wuya a gan su. In sarƙar ba ta da mahaɗi, kada a buge ƙusa da guduma. A kai wa mai gyara, ko a tsaya ga ƙaramin wanki.

A sa sarƙar cikin kwalba, a zuba gazuwal, a rufe, a girgiza sosai. A bar ta ta jiƙa kamar minti 15, a sake girgizawa. A fito da ita, a goge da buroshi. A duba gindin kwalbar, za a ga yashi da garin ƙarfe sun kwanta. Duk daga cikin sarƙar suka fito. A rataye ta a ƙusa ta tsiyaye ta bushe. Kada a aje ta a ƙasa.

Wajen mayarwa, a lura da ƙarfen nan mai kama da matsefata. Bakinsa na rufe shi ne zai dubi inda sarƙa take tafiya in ana taka feda gaba. In aka juya shi, wani abu yana iya kama buɗaɗɗen bakin ya fizge shi, sarƙa ta rabu ana cikin tafiya.

Sabuwar sarƙa ba a wanke ta da gazuwal. Daga masana'anta take zuwa da mai a cikin gaɓoɓinta. Bayanta kawai za a goge da tsumma.

10. Sa mai

Sarƙa ta wanku, ta bushe. Yanzu sai mai.

A fara daga mahaɗi, ko a yi alama da alli, don a san inda aka soma. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ta gefen da yake taɓa haƙoran faranti. Ɗigo ɗaya ya isa. In kwalbar ba ta da tsinin baki, a tsoma tsinke ko gashin kaza a riƙa ɗigawa da shi. A bi gaɓa gaɓa har a komo kan alama.

Sa'an nan a juya feda kamar sau 20, don mai ya ratsa. A dakata minti 10. Wanda ya yi aikin da marece ya bar keken ya kwana, ya fi kyau.

Saura abu guda, wanda mutane da yawa suke mantawa. A ɗauki tsumma mai tsabta a goge bayan sarƙar sosai, a goge haƙoran faranti. Mai kallo zai ce an ɓata man a banza. Ba a ɓata ba. Wanda ake bukata ya riga ya shige ciki, tsumma ba ya kai gare shi. In an taɓa sarƙar da yatsa, ɗan maiƙo kawai ya kamata a gani.

A kula kada mai ya taɓa robar birki, ko gefen ƙafa inda birki yake kamawa. Birkin da ya sha mai ba ya tsayar da keke. A gangaren dutse, da buhu a baya, wannan hatsari ne babba. In mai ya taɓa wurin, a wanke da ruwa da sabulu kafin a hau.

11. Ɗaurin sarƙa

A keke mai faranti ɗaya, bayan wanki sai a duba ɗauri. A kama sarƙa a tsakiya, tsakanin faranti biyu, a motsa ta sama da ƙasa. Ya kamata ta motsa kamar santimetir 1. In ta yi sako-sako, za ta riƙa zamewa daga haƙora, musamman a hanya mai duwatsu. In ta ɗaure tamau, feda za ta yi nauyi, sarƙar kuma ta ci da wuri.

Gyaran shi ne a sassauta notin ƙafar baya da sifana, a ja ƙafar baya kaɗan ko a tura ta gaba, a tabbata tana tsakiya, a ɗaure. A juya feda a gwada wuri uku ko huɗu, domin faranti ba ya rasa ɗan karkata. Yaro in zai yi wannan, babba ya tsaya kusa ya duba notin.

12. Awon sarƙa

Mutane sukan ce sarƙa ta miƙe. Gaskiya ƙarfen ba ya miƙewa kamar roba. Ƙusoshi ne da ramukansu suke zaizayewa. In kowace gaɓa ta ƙaru da kashi ɗaya cikin goma na milimetir, ido ba ya gani. Amma a gaɓa 110, ƙarin ya kai milimetir 11.

Rular aji ta isa a gane wannan. A danna feda kaɗan don sarƙa ta miƙe. A sa sifirin rula a tsakiyar wata ƙusa, a ƙirga ƙusa 20 bayanta. A sabuwar sarƙa, ta ashirin ɗin tana kan santimetir 25,4. In ta kai 25,6, lokacin neman sabuwa ya yi. In ta kai 25,7 ko ta wuce, ta fara cin faranti.

Dalili shi ne, sarƙar da ta ƙara tsawo ba ta zama daidai tsakanin haƙora. Hawa kansu take yi, tana gurzarsu, har su yi tsini su lanƙwashe kamar ƙaya. Daga nan ko an sa sabuwar sarƙa, sai ta riƙa tsallake haƙora in ana hawan tudu. Mai keke tilas ya sayi abu uku, sarƙa da faranti biyu, maimakon abu ɗaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

13. Yaushe ake yi?

Ya danganta da hanya da lokaci. Mai hawa kullum, da hunturu da bazara, ya goge sarƙa da busasshen tsumma kowane kwana biyu ko uku. Wannan ba ya cin minti 2. Ya yi ƙaramin wanki da sa mai kamar sau ɗaya a mako biyu. Da damina, duk ranar da keke ya ratsa ƙorama ko laka, a wanke laka, a goge, a busar, a sa mai. Babban wanki kuwa, sau ɗaya bayan damina, sau ɗaya bayan hunturu.

Sarƙa da kanta tana faɗa in tana bukata. Ruwa ba ya tsami banza. In tana kuka, ta bushe. In tana ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga. In zobba suna ƙyalli kamar azurfa, mai ya ƙare. In ta yi ja, tsatsa ce.

Murfin sarƙa yana tare ƙura da yawa, yana kuma hana ta kama bakin wando ko riga. Bai kamata a cire shi a yar ba. Da dare a shigar da keke cikin ɗaki ko rumfa.

14. Hattara

Kada a wanke sarƙa da isansi. Tururinsa yana kama wuta ko daga nesa. Gazuwal da kalanzir su ma suna cin wuta, a nisanta su da murhu da ashana.

Kada a sa yatsa kusa da faranti lokacin da feda take juyawa. Haƙoran suna iya datse yatsa. A hana ƙanne wasa da feda in ana aiki.

Gazuwal ɗin da aka yi wanki da shi, kada a zubar kusa da rijiya ko cikin lambu, domin yana ɓata ruwa da ƙasa. A rufe shi cikin kwalba. Bayan kwana biyu dauɗa za ta kwanta, a tsiyaye na sama a sake aiki da shi. A ɗora kwalbar inda yara ƙanana ba su kai. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a kai shi gidan likita maza.

In an gama, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Tsumma da ɗigon mai ba su da tsada. Mai keken da ya saba da su, sarƙarsa tana daɗewa, fedarsa tana sauƙi, kayansa suna isa kasuwa kan lokaci. In maƙwabci ya ce masa sarƙarka tana kuka, kada ya ji haushi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A riƙe

Wanki ne farko, mai daga baya.
Ɗigo ɗaya ga kowane zobe.
Mai a ciki, waje a goge.
Ƙusa 20, santimetir 25,4.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne ke jikin sarƙa?
2. Don me ƙura da mai in sun haɗu suke cin ƙarfe?
3. Me ya sa baƙin man mota da man gyaɗa ba su dace da sarƙa ba?
4. Ina bakin rufe na ƙarfen mahaɗi yake duba? Don me?
5. Me ke faruwa in mai ya taɓa robar birki?

Aiki

1. A ƙirga haƙoran babban faranti da na ƙarami a keken gida. A raba na farko da na biyu. Sau nawa ƙafar baya take juyawa in feda ta zagaya sau ɗaya?
2. Wani ɗan makaranta yana tafiyar kilometir 5 zuwa koleji, kilometir 5 komowa. In sarƙarsa tana zagayawa sau 800 a kilometir 10, sau nawa za ta zagaya cikin kwana 5?
3. A auna ƙusa 20 a sarƙar kekuna uku na unguwa. A rubuta awon cikin littafi, a kawo aji.